Zama a Gidan Fatalwa: Fashin Baƙi kan Gidan Whaley da Jinin da Ke Ƙarƙashinsa

A tsohuwar unguwar birnin San Diego, can kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, dab da iyakar Meksiko, akwai wani gidan bene na jan bulo da aka kammala a shekarar 1857, wanda ake kira gidan Whaley. A yau gidan tarihi ne da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su shiga, kuma akasarinsu ba kujeru da tasoshin mutanen da suke zuwa kallo ba, suna zuwa ne saboda an gaya musu cewa babu gidan da ya fi shi fatalwa a duk faɗin ƙasar. Amma kafin ya zama wurin kallo, gida ne da iyali guda suka riƙe har kusan shekara ɗari, suna barinsa suna komowa, kuma tun a zamanin mai gidan na farko aka fara maganar cewa ana jin takun sawun wani mutum a saman bene alhali babu kowa a can. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: da me ainihin mutanen da suka kwana a wannan gida suke zaune, kuma me ya sa irin wannan labari ya fi yin tsiro a wuraren da aka kafa gari da bakin bindiga?

Akwai kalma guda da ya kamata a daidaita tun farko. Idan Bahaushe ya ce ana ba da tsoro a gida, galibi abin da yake nufi shi ne aljanu sun tare a ciki, wato wata halitta dabam da ke zaune a kango ko a gindin tsamiya tun kafin ɗan Adam ya zo wurin. Ba'amurke kuwa idan ya faɗi haka, yana nufin kurwar wani mamaci takamaimai, mai suna da ranar mutuwa, wanda ya ƙi barin wurin saboda an zalunce shi ko ya mutu mummunar mutuwa. Wannan ya fi kusa da abin da muke kira fatalwa. A aƙidar Musulunci mamaci ba ya dawowa, domin aya ta 99 da ta 100 a Suratul Mu'minun sun bayyana cewa akwai shamaki na barzahu a bayansa har ranar tashi. Bambancin yana da amfani ga wannan bayani ta fuska guda: aljani ba ya bukatar tarihi kafin a yarda yana wuri, amma fatalwa ba ta tsayuwa sai da tarihi. Duk wanda ya ce akwai fatalwa a gidansa, da'awa yake yi a kan abin da ya wuce, cewa wani ya mutu a nan kuma ba a yi masa adalci ba. Ita kuwa da'awa irin wannan ana iya kai ta gaban takardun kotu da jaridu da rajistar maƙabarta a gwada ta.

Abin da Amurkawa ke kira bakin iyaka a tarihinsu ba layi ba ne tsayayye kamar wanda ke tsakanin ƙasa da ƙasa. Gaɓa ce mai tafiya, inda Turawa masu neman ƙasar noma da zinariya suke turawa yamma, suna cin karo da mutanen da suka tarar, a lokacin da hukuma ba ta riga ta kafu ba kuma kowa bindigarsa ce alƙalinsa. Ƙasar San Diego ta ratsa hannu huɗu. Asalinta ta mutanen Kumeyaay ce, waɗanda suka yi dubban shekaru a wurin. A 1769 Sifaniyawa suka iso da sojoji da limaman Katolika ƙarƙashin Junípero Serra, suka kafa sansani da cibiyar mishan ta farko a Kalifoniya, kuma shekara shida kacal bayan haka, a 1775, ɗaruruwan Kumeyaay suka tayar, suka ƙone cibiyar, suka kashe limaminta Luis Jayme. A 1821 yankin ya koma hannun Meksiko bayan ta sami 'yanci. Daga nan sai yaƙin Amurka da Meksiko na 1846 zuwa 1848, wanda aka gwabza ɗaya daga cikin munanan karonsa na Kalifoniya a San Pasqual, ba nisa da garin, a watan Disambar 1846. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin ta miƙa Kalifoniya ga Amurka a shekarar da aka gano zinariya a arewacin yankin, wato 1848, sai duniya ta yi ca a kanta.

Abin da ya biyo baya ga 'yan asalin ƙasar yana da nauyin faɗa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa yawansu a Kalifoniya ya faɗo daga kimanin 150,000 a 1846 zuwa kimanin 30,000 a farkon shekarun 1870, ta hanyar cuta da yunwa da aikin tilas da kisan kai tsaye. Wata doka ta 1850, wadda sunanta ke cewa don kare su aka yi ta, ita ce ta halatta a kama su a ba da su aikin ƙarfi, har da yara ƙanana. Gwamnan jihar na farko, Peter Burnett, ya faɗa wa majalisa a 1851 cewa abin da za a sa rai shi ne yaƙin ƙare dangi zai ci gaba har sai jinsin nasu ya shuɗe. Sai a 2019 Gwamna Gavin Newsom ya nemi afuwa a madadin jihar, ya kira abin da sunansa, kisan ƙare dangi. Mafi munin kashe-kashen a arewa aka yi su, wajen filayen zinariya, amma kudu ma ba ta tsira ba, kuma a cikin wannan yanayi ne wani matashin ɗan kasuwa daga New York mai suna Thomas Whaley, wanda gobara ta cinye kantinsa a San Francisco, ya sauka San Diego a 1851, lokacin garin bai wuce mutum 'yan ɗaruruwa ba.

Shekarar 1852 ta ga kisa biyu a bainar jama'a a wannan ƙaramin gari, tsakaninsu wata takwas, a wurare biyu da tazararsu ba ta wuce tafiyar minti kaɗan a ƙasa ba. Duk wanda yake son fahimtar gidan Whaley dole ya riƙe su biyun tare.

Na farko shi ne na Antonio Garra, shugaban ƙabilar Cupeño ta 'yan asalin ƙasar, mutum mai ilimin karatu da rubutu da ya koya a wurin 'yan mishan. Hukumar gundumar San Diego ta ɗora wa 'yan asalin ƙasa haraji a kan dabbobinsu, alhali ba su da ƙuri'a, ba a karɓar shaidarsu a kotu a kan Bature, kuma babu wanda ya amince da haƙƙinsu a kan ƙasar da suke kiwo. Garra ya yi ƙoƙarin haɗa kan ƙabilun kudu su yi tawaye. A watan Nuwambar 1851 aka kai hari a gonar wani Ba'amurke mai suna Warner, aka kashe wasu Amurkawa huɗu a maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke kusa, garin San Diego ya firgita, aka kafa rundunar 'yan sa-kai. Haɗin kan bai ɗore ba, kuma wani shugaban ƙabilar Cahuilla mai suna Juan Antonio ne ya kama Garra ya miƙa shi. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, kuma ranar 10 ga Janairun 1852 aka tafi da shi maƙabartar El Campo Santo, aka tsayar da shi a bakin kabarinsa da aka riga aka haƙa, aka harbe shi. Bayanan tarihin gidan sun sanya Thomas Whaley cikin mutanen da aka jera suka yi harbin.

Na biyu shi ne na James Robinson, wanda aka fi sani da Yankee Jim, wani Bature mai yawon neman sa'a da aka kama da laifin satar ƙaramin kwalekwale a tashar ruwan garin. Dokar Kalifoniya ta lokacin ta ba masu yanke hukunci damar kashe mutum a kan babbar sata, kuma haka suka zaɓa. A watan Satumbar 1852 aka kafa itacen rataya a wani fili a gefen gari, aka ɗora shi a bayan amalanke, aka sa masa igiya, aka ja amalanken daga ƙarƙashinsa. Da yake dogon mutum ne kuma itacen gajere, wuyansa bai karye ba. Rahoton da ya zo daga wancan lokaci ya nuna cewa ya yi ta ƙoƙarin riƙe ƙafafunsa a kan amalanken har aka janye shi, sannan ya yi ta lilo yana shaƙewa a hankali har rai ya yi halinsa. Whaley yana cikin 'yan kallo. Shekara uku bayan haka, a 1855, ya sayi wannan fili da kansa, ya ƙona bulo a masana'antarsa, ya gina gidan da aka yi ta yabo a matsayin wanda ya fi kowanne kyau a kudancin jihar.

Ke nan mutumin da ya fara jin takun sawu a saman bene mutum ne da ya san abin da aka yi a ƙarƙashin dakalin ɗakinsa, domin da idonsa ya gani. 'Yarsa Lillian, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ita ce ta isar da maganar cewa mahaifinta yana jin tafiyar wani mai nauyin takalmi, kuma yana cewa Yankee Jim ne. Har yau masu zagayawa da baƙi suna nuna wata ƙofa mai baka da ke tsakanin falo da ɗakin kiɗa, suna cewa daidai nan itacen ratayar ya tsaya, kuma wasu baƙin sukan ce sun ji maƙogwaronsu ya matse da suka ratsa ta wurin. Sai dai kafin su ratsa an riga an gaya musu.

Wannan batu na "an riga an gaya musu" ba ƙaramin abu ba ne, domin an gwada shi. A 1997 wasu masu bincike biyu, Rense Lange da James Houran, sun shigar da mutum 22 cikin wani gidan wasan kwaikwayo, suka ce wa rabinsu ana ganin fatalwa a wurin, suka ce wa sauran gyara kawai ake yi. Waɗanda aka tsoratar tun daga ƙofa su ne suka fi ba da rahoton jin abubuwa da ganin abubuwa, alhali gini ɗaya suka zaga. Wannan ba ya nufin ƙarya suka yi. Kunnen mai tsoro yana aiki fiye da kima, kuma ƙwaƙwalwa takan ba sautin da ba ta gane ba ma'anar da ta riga ta tanada. Mafi yawan gidajen tsohuwar San Diego na tubalin ƙasa ne marasa bene, irin wanda ba ya ƙara idan dare ya yi. Gidan Whaley kuwa yana da matakala da daɓen katako a sama, kuma katako yakan buɗe da zafin rana ya tsuke da sanyin dare mai tasowa daga teku, yana ƙara ɗaya bayan ɗaya, katako na bin katako, ta yadda mai kwance a ƙasa zai rantse cewa wani ne ke takawa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Akwai kuma dalilan da suka fi wannan haɗari, waɗanda duk mai zaune a tsohon gida ya kamata ya fara dubawa kafin ya nemi wani bayani. A 1921 wani likitan ido, William Wilmer, ya wallafa labarin wani iyali a Amurka da suka tare a wani tsohon gida suka fara jin takun sawu da ƙarar ƙararrawa, suna ganin mutane a gefen gado, yara suna rama, kowa yana fama da ciwon kai da kasala, har tsirran da ke cikin gida suka bushe. Da aka bincika sai aka tarar murhun ɗumama gidan ne ya lalace yana tura iskar kabon monoksaid cikin ɗakuna. Ita ce dai iskar da ke cikin hayaƙin janareta da na gawayi, wadda ba ta da wari ko launi, take kashe iyali guda a dare ɗaya idan an rufe ɗaki da ita. Da aka gyara murhun, fatalwar ta tafi. Haka kuma abin da Hausawa ke kira dannau, inda mutum zai farka ya kasa motsi yana jin an haye ƙirjinsa, likitoci sun san shi a matsayin yanayin da ƙwaƙwalwa ta farka kafin jiki ya fita daga sandarewar barci, kuma ya fi kama mai damuwa da mai ƙarancin barci. Wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya ba da bayani a 1998 cewa wata fanka da ke fitar da sauti mai girgiza 19 a daƙiƙa, ƙasa da abin da kunne ke kamawa, ita ce ta sa shi jin tsoro da ganin inuwa a ɗakin aikinsa, ko da yake gwajin da aka yi daga baya a Landan ya nuna cewa saurin yarda da abin da aka faɗa wa mutum ya fi wannan sauti tasiri.

Duk da haka, a ganina wanda ya tsaya a kan katako da iska bai gama bayanin gidan Whaley ba, domin abin da ya fi nauyi a cikinsa baƙin ciki ne na zahiri da ya yi ta sauka a kan mutanen gidan. Watanni kaɗan da tarewarsu, a farkon 1858, ɗansu Thomas ƙarami ya rasu da zazzaɓi yana da wata goma sha takwas. A shekarar kuma gobara ta cinye kantin mai gidan, sai iyalin suka tattara suka koma San Francisco, ba su dawo ba sai bayan kusan shekara goma. Da suka dawo, don a sami kuɗin shiga, aka ba da hayar wani ɗaki na sama ga 'yan wasan kwaikwayo, aka ba gunduma hayar babban ɗakin ƙasa ya zama kotu. Wato a gidan da aka gina a kan filin rataya aka koma ana yanke wa mutane hukunci, yara suna barci a sama. A 1871, lokacin da rikici ya yi zafi tsakanin tsohuwar unguwa da sabon garin da Alonzo Horton ya kafa a bakin ruwa kan inda hedikwatar gunduma za ta zauna, wasu mutane suka zo da amalanke cikin dare mai gidan ba ya nan, suka kwashe takardun kotun, kuma labarin da iyalin suka riƙe shi ne an tsare uwargida Anna da bindiga a kan matakala. Whaley ya yi shekaru yana rubuta wa gunduma takarda yana neman haƙƙinsa bai samu ba.

Mafi ɗacinsu shi ne na 'yarsu Violet. An ɗaura mata aure a 1882 da wani mutum da ya bayyana mayaudari ne, ya gudu ya bar ta ba da daɗewa ba. Ta dawo gidan iyayenta cikin al'ummar da ke kallon sakakkiyar mace da ido na zargi, ta shiga ƙunci mai tsanani, kuma a watan Agustan 1885, tana da shekara 22, ta harbe kanta da bindigar mahaifinta. Bayan wannan iyalin suka bar gidan suka koma sabon gari, ya zauna kusan kango fiye da shekara ashirin. Thomas ya rasu a 1890. Daga baya aka gyara gidan, Anna ta dawo ta rasu a cikinsa a 1913, Lillian kuma ta ci gaba da zama a ciki, gini yana tsufa tare da ita, har zuwa 1953. Mace tsohuwa ita kaɗai a gidan da yayanta ya mutu yana jariri, 'yar uwarta ta kashe kanta, mahaifiyarta ta cika, ba ta bukatar wata kurwa ta zo daga waje kafin ɗakunan su cika mata da mutane.

Daga 1960, da aka buɗe gidan a matsayin wurin tarihi, labarin ya shiga wani sabon hannu. Masu da'awar magana da matattu da 'yan talabijin suka fara zuwa, fatalwowi suka ƙaru: ƙanshin sigarin mai gida, turaren uwargida, kukan jariri, har da karen gidan. Aka kuma samu labarin wata yarinya 'yar maƙwabta da aka ce ta taho da gudu igiyar shanya ta shaƙe ta ta mutu a kicin. Masu kula da tarihin gidan da kansu sun bincika ba su sami wata yarinya da ta yi irin wannan mutuwa ba a kowace takarda. Wannan misali yana nuna yadda abin yake tafiya idan tsoro ya zama haja, domin baƙon da ya biya kuɗin shiga da dare yana son ya fita da labari. Irin haka ya faru da gidan Sarah Winchester a San Jose, matar da ta gaji dukiyar kamfanin bindigar da aka yi wa kirari da cewa ita ta ci yammacin Amurka. An yi ta yaɗa cewa ta yi shekaru tana ƙara ɗakuna ne don ta ɓatar da kurwar waɗanda bindigar ta kashe, amma masu binciken rayuwarta ba su sami wannan magana daga bakinta ko alƙalaminta ba. Jama'a ne suka ga ya dace a ce dukiyar jini tana hana barci, suka ɗora mata.

Shari'a ma ta shigo cikin batun, ba don alƙalai sun yarda da fatalwa ba, sai don suna yana taɓa farashi. A 1983 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta saurari ƙarar wata mata da ta sayi gida a Grass Valley, tsohon garin masu haƙar zinariya, ba tare da an gaya mata cewa an kashe wata uwa da 'ya'yanta huɗu a ciki shekara goma kafin nan ba, kuma kotun ta ce tana da damar neman haƙƙinta idan ta nuna cewa hakan ya rage darajar gidan. Dokar jihar ta yanzu ba ta tilasta wa mai sayarwa ya ambaci mutuwar da ta wuce shekara uku ba, amma idan mai saye ya tambaya kai tsaye, ba a yarda a yi masa ƙarya ba. A New York kuma, a 1991, kotu ta ba wani mai saye damar warware cinikin gida na dala 650,000 a garin Nyack, saboda mai gidan ta yi shekaru tana shelanta wa jaridu cewa akwai fatalwa a ciki amma ta yi shiru a wurin ciniki. Kotun ta ce tunda ita ta gina wa gidan wannan suna, ba ta da bakin musanta shi, don haka a idon doka gidan na fatalwa ne. Abin lura shi ne ma'aunin shekara uku. Kisan da aka yi bara yana shiga takardar ciniki, amma yadda filin kansa ya fita daga hannun masu shi na asali ba ya cikin abin da ake tambaya.

Nan ne na ga zuciyar al'amarin take. Labarin fatalwa hanya ce ta tunawa, amma tunawa ce mai zaɓe. A cikin mutum biyu da aka kashe a 1852, wanda ya sami gurbi a labarin gidan shi ne Yankee Jim, Baturen da aka rataye kan kwalekwale. Kowane mai zagayawa da baƙi ya san tsawonsa da takalminsa da yadda ya yi lilo. Zaluncin da aka yi masa na gaske ne, domin rai ba ya daidai da kwalekwale, amma zalunci ne mai sauƙin ɗauka: kuskuren wani zamani na rashin tsari, wanda ya wuce, wanda ba ya bin kowa bashi a yau. Antonio Garra kuwa, wanda hannun mai gidan ya fi kusa da jininsa, ba a cewa ana jin sawunsa a saman bene. Idan aka shigar da shi, dole a shigar da harajin da aka ɗora wa marasa ƙuri'a, da yarjejeniyoyi 18 da wakilan gwamnatin Amurka suka ƙulla da ƙabilun Kalifoniya a 1851 da 1852, waɗanda majalisar dattawa ta ƙi amincewa da su ta kuma ɓoye su har 1905, da yadda aka kwashe mutanensa na Cupeño daga ƙauyensu na Kupa a 1903 aka kai su Pala bayan kotun ƙoli ta yanke cewa ba su da haƙƙin ƙasar. Wannan ba labarin da za a saya da tikitin dare a fita ana dariya ba ne, domin jikokin waɗanda aka yi wa abin suna raye a gundumar, suna da majalisunsu da filayen da aka keɓe musu.

Ko a inda labaran tsoro na Amurka suka tuna da 'yan asalin ƙasa, sukan tuna da su ne ta wata siga da ta zama ruwan dare a finafinai, cewa an gina gida a kan tsohuwar maƙabartarsu shi ya sa masifa ke bin masu gidan. A zahiri wannan siga tana ɗauke da amincewa cewa an ƙwaci ƙasa, amma tana mayar da waɗanda aka ƙwace wa ƙasar matattu marasa suna, kuma tana mayar da mai zaune a gidan shi ne abin tausayi. Mutanen da ake maganar ba su ƙare ba, kuma abin da suka daɗe suna nema a fili yake. Sai a 1990 majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa gidajen tarihi da jami'o'in da ke karɓar kuɗin gwamnati su mayar wa ƙabilu ƙasusuwan kakanninsu da aka tono aka adana a akwatuna, kuma har yanzu ba a gama mayarwar ba.

Saboda haka mai zaune a irin wannan gida, a San Diego ko a wani tsohon garin bakin iyaka, yana ɗauke da abubuwa uku da sukan cakuɗe masa a dare ɗaya: ginin da ke ƙara da iskar da ke iya cutar da shi, labarin da maƙwabta suka zuba masa a kunne tun ranar tarewa, da kuma sanin cewa an zubar da jini kafin a aza harsashi. Na farko mai gyaran murhu da na'urar gano iska mai guba suna maganinsa. Na biyu yakan yi sauƙi idan mutum ya je ya karanta takardun da kansa ya raba abin da ya faru da abin da aka ƙara. Na ukun ne ba ya gyaruwa da kafinta, kuma shi ne wanda aka fi saurin rufewa da na biyu.

Maƙabartar El Campo Santo tana nan a kan titin da gidan yake, tafiyar 'yan mintuna. An buɗe ta a 1849, an binne mutum 477 a cikinta kafin a daina a 1880, kuma Garra da Yankee Jim duk a nan suke kwance. A 1889 aka ratsa layin taragon da doki ke ja ta cikinta, daga baya aka shimfiɗa kwalta a kai, titin ya haɗiye wani sashe nata. A 1993 aka yi amfani da na'urar da ke hango abin da ke ƙarƙashin ƙasa, aka gano kaburbura kusan ashirin a ƙarƙashin titin da gefensa. Ba a tono su ba. An dai kafa 'yan ƙananan alamun tagulla, kowace ba ta fi girman kwabo ba, a cikin siminti da kwalta, an rubuta a kansu cewa nan kabari ne, kuma ayarin masu zuwa jin labarin fatalwa a gidan Whaley da dare ta kansu suke bi.